Mai Kilawut

Kaka na zaune a baranda jikarsa ta shigo da farin kayan aikinta na jinya, fuska a murtuke. A makon nan aka naɗa shugabar ɗakin haihuwa a asibitinsu, aka tsallake ta.

"Sannu da zuwa, amarya, ya aiki? Wannan fuskar kuma fa? Wani saurayin ne ya gan ki da rana ya gudu?"

"Tsoho, ƙyale ni. Aikin ma zan ajiye. Shekara da shekaru ina karɓar haihuwa, a ɗauko wata daga waje a ɗora min a ka?"

"Gara ki ajiye. Jiya na ji ƙawarki tana cewa kina da kilawut. Ana ɗauka? Matsa can, ban shirya mutuwa ba."

"Kunnen nan naka gulma kaɗai yake ji! Ba ciwo ba ne, Turanci ne. Mutum ba kujera, ba muƙami, amma in ya ce a yi, sai a yi."

"Au, faɗa-a-ji ne aka sa wa kwat? Ashe sunana ne ya kai Turai."

"Kai? Ko kyanwar gidan nan ba ta tashi in ka kore ta. Muƙamin maigida gare ka. Kilawut yana hannun tsohuwarka."

"Ƙarya! Ni ke yanke hukunci a gidan nan."

"Wa ya hana ka tuƙi?"

"Wannan... shawara muka yi."

"Ita ta yi magana, kai ka yi shawarar yin shiru."

Kafin ya rama, wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta gyara murya.

"Na'am, ranki ya daɗe. A'a, kar a tayar da ita, a kwantar da ita ta gefen hagu. Ga ni nan."

"Wa ke nan?"

"Sabuwar shugabar. Wata mai naƙuda ce ta ce ba wanda zai taɓa ta sai ni."

"To, sakarya! Ita an ba ta kujera, ga shi ta kasa zama sai kin zo. Kujera katako ce, za ta same ki har inda kike. Wannan aikin za ki ajiye?"

Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

"Yau kam ka kayar da ni, ango."

An fara yayyafi. Ya jawo laimarsa ya miƙa mata.

"Ungo, sadakinki ke nan, ba ciko. Yi sauri kar jaririn ya riga ki."