Ɗan Gayun Abuja a Kwazazzabo

Wani ɗan gayu ne daga Abuja ya ga Turawa a waya suna gangarawa wani kwazazzabo a tsakiyar hamada, duniya sai yaba musu take. Ya nemi biza, aka hana shi. Ya ce ai Kafanchan ma akwai duwatsu, can zai je.

Ya sayi takalmi irin na sojoji, da sandunan ƙarfe biyu, da jaka kamar mai ƙaura. Ɗan acaɓa ya sauke shi a bakin wani kwari mai zurfi bayan gari, ya ce, "Oga, wurin nan akwai santsi fa."

"Kai dai riƙe babur ɗinka. Na kalli bidiyo ya fi hamsin."

Taku goma na farko da ƙafa ya yi su. Sauran duk da mazaunai ya ƙarasa. Sanda ɗaya ta riga shi isa ƙasa, wando ya yage, idon sawu ya kumbura suntum. Da ya tsaya da mirginawa sai ya kakkaɓe fuska, ya kunna kyamara.

"Jama'a, ga ni a inda ɗan Adam bai taɓa takawa ba tun da aka halicci..."

"Oga, matsa. Kana kan cittata."

Ya waiga. Wata tsohuwa ce, Mama Bernice, da silifas da fartanya. Nan gonarta ce.

"Mama! Yaya aka yi kika shigo nan?"

"Ta inda ka faɗo. Kullum ne, ban da Lahadi."

Ta dubi sama ta ce, "Hadari ya haɗu. In ruwa ya sauko, rafin nan har saniya yana tafiya da ita. Tashi mu je."

Ya yunƙura, ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya ɗaga waya zai kira jirgi mai saukar ungulu, babu sabis. Sai kuka wiwi, yana kiran uwarsa.

Mama Bernice ta ce, "Yesu! Ƙato kamar kai?" Ta ajiye fartanya, ta durƙusa, ta ɗora shi a baya, ta tamke da zani. Ta kama hawa tana waƙar zumuntar matan coci, shi ko ya ƙanƙame wuyanta ido a rufe.

Suna dab da fitowa sai sabis ya dawo. Gogan ya share hawaye, ya saita kyamara daidai fuskarsa kaɗai, ya shiga watsa bidiyo kai tsaye.

"Jama'a, ba ƙaramin artabu aka yi ba. Wata tsohuwa na tarar ta maƙale a ƙasa, ga ni nan ina fitowa da ita."

Mama Bernice ta ce, "To mai ceto, ka daina wutsil-wutsil, zanin goyon zai kwance."