Babban Yatsan da Ya Kayar da Mutum Shida

"...da gajiya, da iyali, da ɗan sauran haƙoran da suka rage miki?"

"Suna nan lafiya, har yanzu sun fi gashin kanka yawa."

Tela bai ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ba. Ungozoma ce ta shigo, 'yar gwaggonsa, abokiyar wasansa tun suna rarrafe. Ta ture tarin yadi daga kan benci ta zauna. Saura kwana uku zaɓe, kuma ɗanta na fari, Injiniya, shi ke neman kujerar majalisa ta mazaɓarsu. Tela ne ya ɗinka masa kayan makaranta na farko, shi ya ɗinka rigar da ke jikinsa a fasta. Ba abin da yake ɗoki kamar ranar da zai dangwala masa.

"Roƙo na zo yi," in ji Ungozoma. "Don Allah kada ka zaɓi ɗana."

Keken ya tsaya cak.

"Tsufan ya hau kai ke nan?"

"Lissafi za mu yi. Zaɓe shida aka yi a mazaɓar nan tun da ka yanki kati. Wa ka zaɓa a na farko?"

"Malamin makaranta. Mutumin kirki."

"Yanzu kaji yake kiwo. Na biyu?"

"Mai gidan mai."

"Yana kan gaba, har an fara yi masa murna, sai aka buɗe akwatin layinku. Na uku likitan dabbobi. Da a ce awaki suna zaɓe, su ma da sun gan ka a layinsa sun watse."

"Ai ɗan kwangila ne ya yi ƙarfi a lokacin. Sau uku a jere yana cinyewa."

"Shi ya sa a na huɗu ka koma bayansa. Mutum yana zaman zamansa, kujera ta saba da shi, ka je ka taɓa shi. Yau bulo yake bugawa."

"Na biyar fa? Shugaban direbobi da ƙuri'a ɗaya tak ya faɗi."

"Ya faɗi dai. Na shida har cikin shagon nan ya zo ya durƙusa, yana roƙon ka tafi ziyara ranar zaɓe, ka ce kai mai kishin ƙasa ne."

Tela ya ji maganar ta sosa shi inda ba ya so. Ya cire tef ɗin awo daga wuya ya ajiye.

"Ke da rabin masu zaɓen nan a hannunki aka haife su, me ya sa ba ki tuhumi hannun naki ba? Duk mazaɓar nan babu mai jefa ƙuri'a da tsari kamar ni. Wasu dunƙule takardar suke yi kamar tsumma. Matso ki ga aiki."

Ya jawo wata takarda ya zana layukan 'yan takara da alƙalami. Ya shafo baƙin mai daga jikin keke da babban yatsa, ya dangwala a layi na biyu. Nan take ya haɗa baki da baki ya ninka, ya bi ninkin da farce kamar mai kalmasa, ya sake ninkawa, ya danne da tafin hannu sai ka ce guga yake yi.

"Kin gani? Ko a aljihun ango aka sa ta ba za ta ba da kunya ba."

Ungozoma ta karɓa ta warware a hankali. Yatsa biyu ne a takardar, ɗaya a layi na biyu, ɗaya ya kwafu raɗau a layi na biyar. Ta dubi takardar, ta dubi Tela, kafaɗunta suka fara rawa.

"Kullum haka kake yi?"

"Tun zaɓen farko."

"Sau huɗu ina tsayawa wakiliya a wurin ƙirge. Kowane zaɓe sai mun ci karo da wata ƙuri'a mai ninki huɗu, tsaf kamar hankici, da yatsa biyu a jiki. Cikin lalatattu ake jefa ta. Har jiran ta muke yi. Ashe kai ne."

Tela ya ƙura wa yatsansa ido, kamar yau aka haɗa su. Can sai fuskarsa ta washe.

"To ashe ban taɓa kayar da kowa ba. Shekara ashirin da huɗu kuna ɓata min suna a banza."

"Ba ka taɓa zaɓen kowa ba dai. Rana kawai kake zuwa sha a layi."

"Yatsana sabo ne fil, ko sau ɗaya bai yi aiki ba."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Yana hutu ma ga ɓarnar da ya yi, ina ga ya kama aiki?"

"Yaron nan ni na auna shi tun bai kai tsawon almakashi ba. Ƙuri'ata ta farko a duniya, ki ce in kai wa wani?"

Ungozoma ta buɗe baki za ta rama, dariya ta ci ƙarfinta har tana share hawaye da gefen mayafi. Ta laluba jaka ta ciro maficinta ta miƙa masa.

"Ungo. Idan ka dangwala, ka tsaya ka yi mata fifita har ta bushe, ko da layi zai zage ka."

"Idan ya ci fa?"

"Na yarda ka fi ni kai."

"Idan ya faɗi?"

"Sai ka koma ninki."