Masai Mai Kallon Gabas

Shekarar da aka kawo Shari'a na fara ginin gidana a Zango. Damina ta matso, magina kullum suna daji zagayawa, aiki na tsaye. Na ce ni da na haƙa rijiyoyi, masai ba zai gagare ni ba. Na haƙa, na daɓe da siminti, na fitar da wurin sa ƙafa, na kewaye da zana. Ban tambayi kowa ba.

Babban magini ya leƙa, ya fito yana salati.

"Maigida, alƙibla za mu kalla muna tsugune?"

Zanar ta matse, ba wurin karkacewa. Suka koma daji. Ruwan farko ya tarar da ɗakina ba rufi.

Har yau in ana neman alƙibla a baƙon wuri, ni ake nunawa: "Ku tambayi Baba, ko masansa ya san gabas."