Allon Aski a Ƙofar Akurki

"Lafiya lau, tsohon miji. Ashe kana nan? Na ɗauka tun bara aka kai ka gidan adana kayan tarihi."

Jikar ce, ta tarar da kakanta a tsakar gida yana watsa wa kaji tsaba. Shekara arba'in ya yi yana zana allunan shaguna, kafin injin buga hoto ya ƙwace sana'ar. Ita ma zane take yi, irin wanda ake ratayewa a babban zaure a zo kallo. Ranar Asabar za ta buɗe nuninta na farko, ta kuwa riga ta cika baki cewa za ta kawo tsohon allo zanen hannu. Ta san halin tsohon, don haka ta shigo da shirin faɗa.

"Zanenki za a fara kaiwa, ɓangaren abubuwan tsoro," in ji shi. "Wanda kika ba ni kwanaki, ina rataye shi ɓerayen ɗakina suka yi ƙaura."

"Kai, Kaka! Sunansa fa Kaɗaici."

"Ya ci sunansa. Ko maƙwabci bai sake leƙo ni ba."

Ta danne dariya, ta nuna akurki. Ƙofarsa wani tsohon allon shagon aski ne, da kawunan maza uku a jere, fentin duk ya koɗe.

"Wancan na zo ɗauka."

"Ƙofar kajina? Yunwar ta kai haka?"

"Bango za a ba shi shi kaɗai, a haska masa fitila. Manyan mutane su tsaya gabansa su riƙe haɓa."

"Su riƙe haɓa! A zamaninmu wanda ya kalli allon nan ciki yake shiga a aske masa haɓar. Zane aiki yake yi, yarinya. Na taɓa zana wa wani mai shago takalmi, wani mutum ya tuɓe nasa zai gwada."

"Da wannan hannun? To me ya sa kan na tsakiya ya yi kamar kabewa?"

"Haka Allah ya yi shi! Mai shagon ne. Har rage masa na yi don kunya."

"Kashin kajin da ke gefe ma ya fi shi tsari."

"To kar ki goge. Ki ce musu sabon salo ne, ai ku ba a rasa ku da bayani."

Ya juya zai ci gaba da watsa tsaba, sai kuma ya tsaya.

"Sunan wa za a rubuta a ƙasa?"

"Naka mana. Da manyan baƙaƙe."

Tsohon ya ƙura wa allon ido. Nan ta tuna cewa cikin ɗaruruwan allunan da ya zana, babu ko ɗaya mai ɗauke da sunansa, sai na masu shaguna. Ta ga ya goge ido da gefen riga.

"Kuka kake, angona?"

"Warin turarenki ne."

Ya durƙusa da ƙyar ya kwance wayar da ta ɗaure allon. Kaji suka yi waje da gudu, ɗaya ta bi ta tsakanin ƙafafunta har ta yi ihu. Ya miƙa mata allon yana dariya har da tari.

"Ungo, kin ci. Amma ki zo ki ɗauke ni ranar Asabar. Zan tsaya a bayan masu ilimi in ji su faɗa min abin da nake nufi, don ni dai aski kawai na sani."