Malam Ba-Buƙata da Kabarin Mijina

Ba zan manta alherin Malam Telesarko ba. Wata safiya ina hawan tudun maƙabarta a garinmu Megara, ɗauke da tulun man zaitun da zan zuba wa kabarin mijina Mikkon bisa al'adarmu, sai ya karɓi tulun. Taku ashirin ya yi da shi kafin ya miƙo mini abina. Mutumin da bai taɓa ɗaukar komai ba sai gemunsa!

Babban masani ne. A tsakiyar kasuwa ya jefar da takalmansa, ya ce mai hikima ba ya buƙatar komai, masu kifi suka laƙaba masa Ba-Buƙata. Kuma gaskiya bai taɓa roƙon abinci ba. Tsayuwa kawai yake yi a ƙofata daidai lokacin sauke tukunyar wake, yana bayani a kan illar kwaɗayi har a zuba masa. Kwano na biyu kuwa, don kada in ji kunya yake karɓa.

A bakin tukunyar nan ya wayar mini da kai.

"'Yar'uwa, matacce ba ya jin yunwa, ba ya jin ƙishi. Hayaƙi ne, ya watse. Man nan da zumar da kike kaiwa, tururuwa kike kiwo. Shekara talatin na yi ina nazari kafin in faɗa miki haka."

Ni da sunana ma da ƙyar nake rubutawa, me zan ce? Na gyaɗa kai kamar na gane. Na daina hawan tudun. Har takalmi na cire, ina yi wa mata kallon jahilai a bakin rijiya.

Maƙwabciyata Gorgo mai gurasa ta tare ni. "Ke Melita, an ce kin zama masaniya? Mijinki yana can ciyawa ta cinye shi, mansa kuma yana ƙarewa a gemun Malam. Dubi yadda yake sheƙi!"

Na ce mata ba za ta gane ba. Wata bakwai ina bi ta gindin tudun ina kau da kai, ina jin idon Mikkon a ƙeyata.

Abin da ya mayar da ni can, da tuluna da takalmana, ina cire ciyawa ina ba Mikkon haƙuri, zazzaɓi ne. Ba nawa ba, na Malam. Irin na kwana biyun nan da yara ke guje-guje da shi. Na kai masa kunu da rana, na tarar da ɗalibansa sun kewaye shi.

"Ku dube ni da kyau," in ji shi, "ku ga yadda mai hikima yake tarbar mutuwa da murmushi."

Suna fita shan iska ya cafke hannuna.

"Melita, ke ce mai tsoron alloli. In ta faru, ki sa mini tsabar kuɗi a ƙarƙashin harshe, ta mai kwalekwalen da ke ƙetarar da matattu. Sa biyu ma, ko kuɗin jirgi ya ƙaru. Kada ɗalibai su gani."