Ranar da Na Sasanta Auren da Ba a Ɗaura Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da ruwa ya ci katangar gidanmu ta gabas ce, damina biyu bayan cutar nan da ta sa kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle. Malam, maigidana, ya riga ya rasu.

Ni a Matameye ba sai an gabatar da ni ba. Mace ta yi yaji, ƙofata take fara bugawa. Miji ya zo biko, a zaurena yake tuɓe takalmi. Ban taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko, amma auren da na ɗinke da bakin nan, daga nan har Kurni, ba ya ƙirguwa. Sai ga jikata Rakiya ta gama iniversite, wai ta koma ƙarin karatu mai zurfi na sasanta ma'aurata da iyali. Na ce, "Ke ja'ira, abin da nake yi a kan tabarma shi za ki je har Yamai a koya miki?" Ta ce, "Iya, naku daban, namu daban."

Da gwajin aikinsu ya zo, nan garin aka kawo su, wani ɗaki kusa da meri, wato ofishin magajin gari. Malamarsu, wata Madam mai gilashi, za ta zauna ta ga aikin kowa, wanda ya faɗi sai baɗi. Na ce ƙafata ƙafar Rakiya. Ta ce, "Iya, za ki iya yin shiru?" Na ce, "Ni da na yi takaba?" Ta fara yi mini bayanin yadda abin yake, na ce ta riƙe abinta, ba yau na fara ganin rigimar aure ba. (Rakiya, ke ce mai rubutawa, bar dariya ki rubuta.)

Aka zaunar da mace da namiji a gabanta. Matar, Mariyama, ta ce in mijin ya dawo cin rani daga Kano zaman baƙo yake yi, wayarsa ta fi ta daraja. Shi kuma Sani ya ce mita ta ishe shi. Har hawaye ta share da bakin mayafi. Jikata fa? Ta gyaɗa kai. "Da ya faɗi haka, yaya kika ji a ranki?" Daga tambayar nan sai Rakiya ta yi tsit. Madam kuwa sai rubutu take. Na ce a raina, faɗuwar jikata ake rubutawa ina zaune!

Na miƙe. "Kai ɗan nan, cire hula ka durƙusa!"

Ya dubi Madam.

"Ni za ka duba, ba ita ba!"

Ya durƙusa. Na kwance goro daga haɓar zane, na ɓara, na ba kowa rabi, na kama hannun Mariyama na damƙa a nasa. "Ke kuma yau ki tuƙa masa tuwo, ki shafa humra, ki rufe ƙofa da wuri. Allah ya kawo tagwaye kafin baɗi!"

Sai wani mutum a bencin baya ya yi gyaran murya. "Hajiya, a yi haƙuri. Matata ce."

Malam Isufu ke nan, tela daga Dawce, shi ya kawo ta a moto, wato babur. Ashe Sani da Mariyama 'yan ajin su Rakiya ne, wasan kwaikwayo suke don a ga iyawarta. Ɗaki ya ɗauki dariya, Madam har da cire gilashi. Rakiya kaɗai ba ta yi dariya ba, don an ce gwajinta ya ɓaci, kuma gobe za su tafi.

Washegari da sassafe na tare Madam a bakin mota. "Ni na ɓata, ni zan gyara. Mai rigima kuke nema? Ga ta gaske nan." Ta ƙare mini kallo, ta ce a buɗe ɗakin.

Na zauna gaban jikata da niyyar in shirya ƙarar suruka ta ƙarya. Ta yi tambayar nan tata, ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na rasa inda zan sa kaina. Sai na ji bakina yana cewa tun da Malam ya tafi babu mai yi mini gardama a gida, shi ya sa nake bin rigimar mutane. Na jiƙa mayafi da hawayen gaske. Rakiya ta ci gwajinta.

Tun ranar, kafin in haɗa hannun mutum biyu sai na tambayi wanda ya ɗaura auren. Shirun ma ina gwadawa, ko da yake ba ya jimawa.

Cikin tsofaffin unguwa da suka sha yi mini tsiya kan zancen nan, saura Hajiya Abu mai ƙosai kaɗai. Malam Isufu yana nan, Mariyama kuwa tagwayen ta haifa masa. In ya gan ni ranar kasuwa sai ya rage gudun moto ya ce, "Hajiya, addu'a ta ci, gida ne kawai kika kuskure!"