Ranar da Tankar Yaƙi Ta Raka Ni Biko

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je biko Gangara ba, ko da na so mantawar.

Wani abokina ne mai fatauci ya kawo mini 'yar tankar yaƙi ta wasa a kwali, gunduwa-gunduwa, wai in haɗa da kaina tunda ina cika bakin na iya gyaran waya. Sati uku na yi a kanta. Na haɗa sarƙoƙin ƙafafun, na manna bakin bindigar, na sa pil, wato batir, amma da na taɓa telekomand ɗin da ake sarrafa ta da shi sai ta yi ta juyi wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka. In kwance, in sake ɗaurawa, in kuma kwancewa. Abinci ya huce a gabana, ba na jin kira, ba na iya zama. Ranar da na ɗauki tiren matata Hadiza na zube ƙananan kusoshi a ciki (tiren kayan aurenta, wanda ko baƙi ba ta ba ruwa a kai), ta yafa mayafi ta tafi gidansu.

Kwana biyar ina sintiri tsakanin ɗaki da tsakar gida kafin na hau moto. To ranar kasuwar Gangara ce, kuma akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a can. Na ce bari in jefa tankar a buhu, ai hanya ɗaya ce (kun ji irin hankalina). Tsohon ya leƙa cikinta ya ce, "Wayoyin injin hagu ka juya." Ya ɗiga dalma, ta miƙe sarai. Don murna na mayar da ita buhu ban kashe ba, na cusa telekomand a aljihun wando.

Na tarar da surukina a zaure da dattawa biyu, ga ƙwaryar fura a gabansu. Na ajiye buhun a bakin ƙofa, na tuɓe takalma, na gaishe su daga rakuɓe.

"Ɗiyata ta ce wani abin wasan yara ya ɗauke maka hankali," in ji shi.

Na matso na durƙusa sosai, kaina a ƙasa. "Baba, ai na rabu da abin nan tuni."

Cinyata ta danne telekomand. Sai ga buhu yana tafiya. Tankar ta fito ta bakinsa, ta hau tabarma, ta nufi ƙwarya kai tsaye, abin da ta ƙi yi mini sati uku. Kunya ta sa na ƙara duƙawa, ita kuma ta ƙara wuta. Fura ta malale a rigar Baba. Wani dattijo ya yi tsalle yana salati, hularsa a ƙasa. Ni kuwa ina zan miƙe tsaye a gaban suruki, balle in sa hannu a wando ina lalube? Haka na ƙame a durƙushe, tankar tana ta tunkuɗar gwiwar Baba. Daga bayan zana na ji dariyar Hadiza, har da tari.

Baba ya ɗaga tankar sama, sarƙoƙin suna ta juyawa a iska. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ce ka rabu da ita?"

Da ƙasa ta tsage da na shige.

"To yanzu ka rabu da ita. Miƙo abin aljihun, ka ɗauki matarka ku tafi."

Hadiza ta yi dariya tun daga Gangara har garinmu Gazawa. Yanzu an ce Baba da tankar yake korar kaji daga shanyar wake, kuma duk lokacin da sarƙa ta zame ni yake aiko wa in zo in gyara, a durƙushe.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa surukinka ƙarya, ka fara cire pil.